Dabarun Bakteriyar Ƙasa a Lokacin Ƙarancin Abinci: Misali Daga Bacillus subtilis

1.0 GABATARWA

Ƙasar da ake nomawa cike take da halittu waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Mafi yawa daga cikinsu su ne bakteriya, kuma masana sun ƙiyasta cewa a cikin giram ɗaya na ƙasa mai albarka akan sami daga miliyan ɗari zuwa sama da biliyan ɗaya. Waɗannan halittu ne ke ruɓar da ganye da kara da kashin dabbobi, su mayar da su abin da saiwar shuka za ta iya tsotsa. Sai dai duk da wannan hidima da suke yi, mafi yawan rayuwarsu cikin yunwa suke yin ta. Abinci a cikin ƙasa yakan zo ne jefi-jefi: ganye ya faɗo, ko saiwa ta tsatso ɗan ruwan sukari, ko wata halitta ta mutu. Da zarar wannan ya ƙare sai dogon jira, wanda kan ɗauki makonni ko watanni.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke faruwa a cikin jikin bakteriya idan abinci ya yi mata ƙaranci. An zaɓi wadda ake kira Bacillus subtilis domin a kafa misali da ita saboda dalilai biyu. Na farko, tana cikin bakteriyar ƙasa da aka fi yin bincike a kansu. Na biyu, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin ita ce kan gaba a cikin halittun da ke nuna kalwa ta zama daddawa. Abin da maƙalar za ta nuna shi ne, bakteriya mai jin yunwa tana sake kasafta furotin da ke jikinta ne mataki-mataki, kuma kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi tsada da wuyar komawa baya.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a yi bayanin kalmomin da za a riƙa cin karo da su.

(a) Sarrafa abinci: duk ayyukan da halitta ke yi a cikin jikinta domin ta farfasa abinci ta sami ƙarfi, ta kuma gina sassan jikinta da abin da ta farfasa.

(b) Furotin: sinadarin da ake ƙullawa daga ƙananan tubala iri ashirin masu suna amino asid. Kusan duk wani aiki da ke gudana a jikin bakteriya furotin ne ke yin sa.

(c) Inzayim: furotin da aikinsa shi ne gaggauta wani aiki guda na sarrafa abinci, kamar farfasa sitaci ko ƙulla wani amino asid.

(d) Ƙwayar gado: sashe na DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Ana iya kunna ta, ana kuma iya kashe ta.

(e) Ribosom: maƙerar da ke karanta umarnin nan ta ƙulla furotin.

(f) Ƙwallon barci: busasshiyar siffa mai tauri da wasu bakteriya ke komawa idan rayuwa ta gagara. An kira ta haka ne domin kamarta da ƙwallon goruba wajen tauri da jure wa zamani.

3.0 TAƘAITACCEN TARIHIN BINCIKE

Christian Ehrenberg na ƙasar Jamus ne ya fara siffanta wannan halitta a 1835, sannan Ferdinand Cohn ya raɗa mata sunan da take amsawa a 1872, ya kuma yi bayanin ƙwallon barcinta a 1876. A farkon shekarun 1940 Jacques Monod na Faransa ya auna yadda yawan abinci ke ƙayyade saurin hayayyafar bakteriya. A 1997 wata gamayyar masana, galibinsu daga Turai da Japan, ta kammala karanta DNA ɗinta baki ɗaya, inda aka sami haruffa kimanin miliyan 4.2 da ƙwayoyin gado wajen 4,100. Wannan ya ba da damar a riƙa bin sawun ɗaruruwan furotin a lokaci guda, aikin da ɗakin binciken Michael Hecker na Jami'ar Greifswald a Jamus ya shahara da shi. Da irin wannan bincike ne aka ga cewa furotin da ke jikin bakteriya mai ƙoshi ya sha bamban ƙwarai da wanda ke jikin mai yunwa, alhali kuwa DNA ɗinsu ɗaya ne.

4.0 TUSHEN MATSALAR

Idan aka busar da bakteriya aka auna, kimanin rabin nauyinta furotin ne, kuma ƙera shi ne ke cinye kaso mafi girma na ƙarfin da take samu daga abinci. Jikinta kuwa ɗan ƙanƙane ne, ba zai ɗauki dukkan furotin da DNA ɗinta ke da umarninsu a lokaci guda ba. Ke nan duk furotin da ta ƙera domin wani aiki, ta rage wa wani aikin ne.

A lokacin wadata, Bacillus subtilis takan rabu biyu cikin minti 20 zuwa 30. Domin ta cim ma wannan, takan zuba babban kaso na furotin ɗinta a kan ribosom da mataimakansa, tun da yawan maƙera shi ke kawo saurin gini. Amma da abinci ya yanke, waɗannan maƙeru sai su zama kaya, suna cin ƙarfi ba tare da amfani ba.

Wani abin lura kuma shi ne, yunwar bakteriya iri-iri ce. Tana buƙatar kabon domin ƙarfi da gini, da naitirojin domin furotin, da fosfet domin DNA da ajiyar ƙarfi, da ƙananan ma'adanai irin su baƙin ƙarfe da zinki. Wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke tsayar da girma, komai yawan sauran. Wannan ita ce ƙa'idar da Carl Sprengel da Justus von Liebig suka kafa game da tsirrai a ƙarni na 19, kuma ta hau kan bakteriya daram. Saboda haka wajibi ne bakteriya ta gane wace irin yunwa ce ta same ta kafin ta san maganin da za ta nema.

5.0 MATAKAN DA TAKE ƊAUKA

5.1 Fara cin mai sauƙi

Monod ya lura cewa idan aka haɗa wa bakteriya gulukos da wani sukari daban, takan cinye gulukos tukuna, ta ɗan dakata, sannan ta koma kan na biyun. Wannan dakatawa lokaci ne da take ƙera sababbin inzayim. A jikin Bacillus subtilis, wani furotin mai suna CcpA, wanda aka gano a 1991, shi ne ke danne ƙwayoyin gadon cin sauran abinci muddin gulukos na nan. Haka kuma a lokacin wadata takan yi almubazzaranci, ta farfasa gulukos rabi da rabi ta zubar da ragowar waje a matsayin asetet da asetoyin. Da gulukos ya ƙare, CcpA ya sassauta, sai ta ƙera inzayim ɗin da za su dawo da abin da ta zubar ta cinye shi. Wato dai abin da ta raina jiya shi ne abincinta na yau.

5.2 Dakatar da gini

Idan amino asid ya yi ƙaranci, ribosom yakan tsaya cak a tsakiyar aiki. Akwai wani inzayim mai suna Rel da ke gane wannan tsayawa, nan take ya shiga ƙera wani ɗan sinadari mai suna ppGpp, wanda Michael Cashel da Jonathan Gallant suka fara ganowa a 1969 a jikin wata bakteriya daban, Escherichia coli. Wannan sinadari tamkar gangar yaƙi yake. A jikin Bacillus subtilis aikinsa shi ne rage yawan GTP, ɗaya daga cikin sinadaran da ke ɗauke da ƙarfi.

Raguwar GTP tana haifar da abubuwa biyu. Na farko, ƙera sababbin ribosom yakan tsaya, domin da GTP ake buɗe karatun umarninsu. Na biyu, akwai wani furotin mai suna CodY wanda ke riƙe da ƙwayoyin gado fiye da ɗari a kulle matuƙar GTP da wasu amino asid guda uku, wato aisolusin da lusin da balin, suna da yawa. Da suka ragu sai ya sake su. A cikin abin da yake sakewa akwai umarnin ƙulla amino asid da kanta, da na ƙofofin shigo da gutsattsarin furotin daga waje, da na inzayim ɗin da take fitarwa domin su narka furotin da ke kewaye da ita. Ribosom ɗin da suka rasa aiki kuwa ba duka ake rushewa ba. Wani furotin yakan haɗa su biyu-biyu ya ajiye su, domin ranar da abinci zai dawo.

5.3 Farautar abin da ya yi ƙaranci

Kowace irin yunwa tana da mai gadinta. Game da naitirojin, bakteriyar ta fi son gulutamin da amoniya. Inzayim ɗin da ke ƙera gulutamin shi ne kuma ma'aunin: idan gulutamin ya wadata, yakan kama wani furotin mai suna TnrA ya riƙe. Idan ya ragu sai TnrA ya kuɓuta, ya kunna umarnin ƙofar tsotso amoniya komai ƙanƙantarta, da na cin naitiret da yuriya da sauran abubuwan da a da ba ta kula su ba.

Game da fosfet, furotin biyu ne ke aiki tare. PhoR yana zaune a fatar bakteriyar, idan fosfet ya yanke ya isar da saƙo ga PhoP, shi kuma ya kunna umarnin inzayim ɗin da ake turawa waje su ɓanɓaro fosfet daga ruɓaɓɓun abubuwa, tare da wata ƙofa ta musamman mai iya kama shi ko da ɗan kaɗan ne.

Baƙin ƙarfe kuwa yana da yawa a ƙasa, shi ne ma ke ba jar ƙasa launinta, amma a siffar da ba ta narkewa a ruwa. Idan ya yi ƙaranci a ciki, bakteriyar takan fitar da wani sinadari mai suna basilibaktin, wanda ke damƙe baƙin ƙarfen da ƙarfin gaske, sannan ta janyo su tare.

5.4 Musanya da cin na gida

Idan farauta ba ta wadatar ba, sai ta juyo kan jikinta. Misali mafi bayyana shi ne na ganuwar da ke kewaye da ita. Kimanin rabin nauyin wannan ganuwa wani sinadari ne mai suna tekoyik asid, wanda ke cike da fosfet. A 1969 D. C. Ellwood da D. W. Tempest na Ingila suka nuna cewa idan aka hana bakteriyar fosfet, takan daina ƙera wannan sinadari ta maye gurbinsa da wani mai suna tekuronik asid, wanda babu fosfet a cikinsa sam. Daga baya aka gano cewa har tsohon ma takan farfasa ta kwashe fosfet ɗin da ke ciki. Wannan daidai yake da magidancin da ya cire azara daga rufin ɗakinsa ya sa kara, domin azarar tana da wani aiki da ya fi gaggawa.

Haka abin yake ga ma'adanai. A lokacin ƙarancin baƙin ƙarfe takan sauke furotin mai suna feredoksin, wanda ke buƙatarsa, ta ɗora fulabodoksin wanda ke yin kusan aiki ɗaya ba tare da shi ba, ta kuma rage ƙera inzayim masu cin baƙin ƙarfe da yawa domin ta bar ɗan abin da ya rage ga ayyukan da ba makawa. A 2004 masana a Japan suka nuna cewa idan zinki ya yi ƙaranci, takan cire wani furotin mai ɗauke da zinki daga jikin ribosom ta sa takwaransa marar zinki. Tun da ribosom dubbai ne a jikinta, wannan musanya tana sako zinki mai yawa. Bugu da ƙari, akwai inzayim masu suna Clp da ke bin furotin da aikinsu ya ƙare, kamar na ƙera kayan girma, suna farfasa su domin a sake amfani da amino asid ɗinsu.

5.5 Shirin ko-ta-kwana

Bakteriyar da ta daina girma ba ta iya ƙera kariya da sauri idan wani bala'i ya afko. Saboda haka tun ƙarfinta bai ƙare ba takan yi tanadi. Idan ma'aunin ƙarfi ya sauka, wani furotin mai suna sigma B, wanda William Haldenwang da Richard Losick suka gano a 1979, yakan kunna ƙwayoyin gado kimanin 150 ko fiye. Furotin da ake samu daga gare su suna kare ta daga zafi da gishiri da tsami da gubar iskar oksijin, tun kafin ta gamu da ko ɗaya daga cikinsu. Wannan ne ya sa bakteriya mai yunwa ta fi mai ƙoshi wuyar kashewa.

5.6 Ƙwallon barci

Mataki na ƙarshe shi ne komawa ƙwallon barci, kuma wani furotin mai suna Spo0A ne ke yanke hukuncinsa. Bakteriyar takan rabu gida biyu, babba da ƙarami. Babban ya haɗiye ƙaramin, ya lulluɓe shi da riguna masu kauri, ya ɗura masa sinadarin da ke taimakawa wajen busar da cikinsa, daga bisani ya fashe ya sake shi. Aikin yakan ɗauki kimanin sa'o'i takwas a ɗakin gwaji, yana kuma buƙatar ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Ƙwallon da aka samu yana jure tafasa da fari na shekaru masu yawa.

Sai dai akwai kasada a ciki. Idan aikin ya wuce wani matsayi ba a iya fasa shi, kuma idan abinci ya dawo a wannan lokaci, maƙwabtan da ba su shiga ba za su riga ta ci su hayayyafa. Don haka takan jinkirta iyakar iyawarta. A 2003 José González-Pastor da Errett Hobbs da Richard Losick suka nuna cewa waɗanda suka fara kama wannan hanya sukan fitar da gubar da ke kashe 'yan'uwansu da ba su fara ba, su ci abin da ya zubo daga gawarsu, su ƙara jinkirta barcin. Su kansu suna da kariya daga gubar. Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

6.0 MUHIMMANCIN WANNAN SANI

Ya kamata a lura cewa ba dukkan bakteriyar ƙasa ke bin wannan tafarki ba. Tun farkon ƙarni na 20 Sergei Winogradsky ya raba su gida biyu: masu zabura idan abinci ya zo, da masu lallaɓawa a hankali kan ɗan abin da ke nan kullum. Bacillus subtilis tana cikin kashi na farko, shi ya sa take da kwafi goma na umarnin ƙera ginshiƙin ribosom, alhali da yawa daga cikin kashi na biyu ɗaya ko biyu kawai gare su.

Duk da haka, abin da aka koya daga gare ta yana haskaka al'amura da dama. Na farko shi ne noma. Ƙasar yankin sabana ta Afirka ta Yamma sananniya ce da ƙarancin naitirojin da fosfet da ruɓaɓɓun abubuwa, ga kuma dogon rani. A 1958 H. F. Birch, wanda ya yi aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa idan busasshiyar ƙasa ta jiƙe, halittun cikinta sukan farka gaba ɗaya su saki naitirojin mai yawa cikin 'yan kwanaki. Shukar da ta tsira da wuri tana cin moriyar wannan, wanda in ba haka ba ruwa ne zai wanke shi. Har wa yau, tun da yunwa ce ke sa bakteriya aikin farauta, ƙosar da ita da abu guda yakan sa ta ajiye aikin. An tabbatar da cewa takin zamani mai naitirojin da yawa yana rage ƙullutun da ke fitowa a saiwar wake da gyaɗa, inda wasu bakteriya ke kamo naitirojin daga iska. Haka kuma idan aka binne kara ko ƙaiƙayi mai yawa, wanda kabon ɗinsa ya rinjayi naitirojin, bakteriya sukan wawashe naitirojin ɗin ƙasa domin su iya cinye shi, shuka ta yi ɗorawa-ɗorawa na wani lokaci. Haɗa shi da takin dabbobi yana rage wannan matsala.

Na biyu shi ne magani. Bakteriyar ƙasa da ake kira Streptomyces, waɗanda daga gare su ne Albert Schatz ya samo maganin sitireptomaisin a ɗakin binciken Selman Waksman a Amurka a 1943, galibi sai girma ya tsaya saboda ƙarancin abinci suke ƙera irin waɗannan magunguna, kuma yawan fosfet yana hana su. Masana'antu suna la'akari da haka wajen auna abincin da suke ba su. Su ne kuma ke fitar da sinadarin jiyosmin, mai ba ƙasa ƙamshin nan da ake ji idan ruwan farko ya sauka.

Na uku shi ne abinci da sana'a. Inzayim ɗin da Bacillus subtilis ke fitarwa domin narka furotin su ne ke tausasa dafaffiyar kalwa cikin kwana biyu zuwa uku, su saki amino asid masu ɗanɗano da amoniya mai warin da aka san daddawa da shi. Irin waɗannan inzayim, waɗanda ake samu daga danginta, ana sa su a garin sabulun wanki tun shekarun 1960.

7.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna yadda Bacillus subtilis ke fuskantar ƙarancin abinci. An ga cewa takan fara da sauya abinci, ta dakatar da gina maƙeru, ta fita farautar abin da ya yanke, ta musanya sassan jikinta masu tsada da masu araha, ta yi tanadin kariya, sannan idan duk sun gaza ta koma ƙwallon barci. A kowane mataki akwai furotin mai auna halin da ake ciki, da ƙwayoyin gadon da yake kunnawa ko kashewa. Tun da yunwa ita ce halin da bakteriyar ƙasa suka fi daɗewa a ciki, duk mai son ya fahimci yadda ƙasa ke ciyar da shuka, ko yadda taki ke aiki a gona, sai ya fara da fahimtar abin da waɗannan halittu ke yi a lokacin da babu.